Yadda ake ƙera keken tura jariri mai wurin kaya, wanda ba ya tuntsurewa

Keken jarirai da ke zuwa mana cikin dilar gwanjo ba don garinmu Garwa, a arewacin Kamaru, aka yi shi ba. Tayoyinsa na roba ne, ƙanana kamar bakin kofin shayi, suna taka rairayi sai su nutse, uwa ta koma ja kamar mai kai akuya kasuwa. Asalin irin mai naɗewa kamar lema, wani injiniyan jirgin sama ne a Ingila, Owen Maclaren, ya fito da shi a 1965, da bututun alminiyam, nauyinsa kilo 3 ko kusa da haka. Don mai shiga bas da jirgi aka yi shi, mai tafiya a kan kwalta. Ɗan kwandon da ke ƙarƙashin irinsu kuwa, in ka duba takardar da ke liƙe, yawanci kilo 2 zuwa 5 aka yarda a ɗora masa.

Mu a nan mace ba ta neman keke don shan iska, zani da majanyi sun ishe ta. Duk wadda ta zo shagona tana tambayar "puset", wato keken tura jariri, da dalilinta: ko an yi mata tiyata an hana ta ɗaukar nauyi, ko tagwaye ne, ko kaka ce aka bar wa jika ga baya ya gaji. So take ta je niƙa, ta biya famfo, ta yo cefane, yaro na gabanta, kai da baya suna hutawa. Wato rabi keken jariri, rabi pus-pus, amalanken tura kaya. Ba zan tsaya koya wa kowa riƙe rodin walda ba, wanda bai iya ba ya koma wurin maigidansa tukuna.

Kafin ka yanka ƙarfe, ɗauki tef ka je gidan da keken zai zauna. Auna ƙofar zaure, auna ta ɗaki, duba tsayin dokin ƙofa. Wani yarona ya taɓa ƙera nasa mai kyan gaske, faɗinsa santimita 80, ya ƙi shiga zaure, ya dinga kwana a waje har tsatsa ta cinye shi a damina ɗaya. Ni ba na wuce santimita 68 daga bayan taya zuwa bayan taya. Sannan ka ce a fito maka da ainihin jarkar da take ɗiban ruwa da ita da buhun da take kai niƙa. Su za ka auna, ba abin da ke kanka ba. Ka riƙe cewa litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, jarka mai lita 20 ta ninka jariri ɗan wata takwas nauyi har da ƙari.

Ƙarfen da nake aiki da shi bututu ne mai kusurwa huɗu, wanda a kasuwa ake ce wa tib kare, milimita 20 bisa 20, kauri milimita 1.5. Rodin walda lamba 2, ka sassauta wuta, don wannan bututun bai da wuyar hujewa, ga wutarmu da ba ta zama wuri ɗaya. Kada ka yarda a ce maka rodin gini ya fi sauƙin kuɗi. Ya fi, amma keken zai fito da nauyin da mai jego ba za ta iya tsallakar da shi kwata ba, araha ba ta ado. Keke babu kaya kada ya wuce kilo 14 zuwa 15.

Tayoyi: lamba 20 na keken yara a baya, lamba 12 a gaba, duka masu shan iska. Nemi tayar gaba ta keke, ba ta baya ba, don ta gaba ba ta da haƙoran sarƙa, cibiyarta kuma santimita 10 kawai take ci. Na hannu ma sun yi in boris ɗin bai yi wasa ba, juya ta kusa da kunne, in ka ji tana gurnani ajiye ta. Kowace taya ka yi mata gidanta, ƙarfe ta ciki ƙarfe ta waje, kamar yadda take zaune a ƙafar gaban keke. Kada ka ratsa dogon ƙarfe ɗaya daga taya zuwa taya, shi ne zai tare maka wurin kwando ya tilasta ka ɗaga kaya sama. Masu juyawa irin na gadon asibiti kuwa ba na sa su ko an roƙe ni, a rairayi juyewa suke su kafe. Saboda tsidau, yanka tsohon tub ka shimfiɗa tsakanin taya da sabon tub.

Yanzu ga inda na sha kunya, kuma a nan nake ganin kowane sabon hannu yana faɗuwa.

Na farkon da na ƙera, ƙanwata na yi wa bayan an yi mata aiki. Na sa kujerar yaro a gaba, na ce kaya ai a baya suke zama, kusa da hannun mai turawa, ta ɗauka ta ajiye ba sunkuyawa. Na yi kwando a bayan tayoyin baya, na fente shi shuɗi, har maƙwabta suna leƙowa. Kwana uku sai ga ta da hantsi, zaninta fari fat da gari.

"Yaya, wannan abin naka doki ne? Tsayuwa yake da ƙafar baya."

Ta cika jarka a famfo, ta rataya ledar niƙa a hannun keke, tana riƙe da shi har ƙofar gida. Ta saki hannu don ta kwance yaro, kafin ta zagayo tayoyin gaba sun bar ƙasa. Ta cafke yaron, keken ya kife ta baya, jarka ta fashe a baki, garin dawa ya zama kunu a ƙofar zaure. Na ce mata, "Ke ma kin cika masa kaya." Ta dube ni ta ce, "To Yaya, ba don kaya ka yi shi ba?" Ban sami amsa ba. Da dare na zauna da alli a ƙasan shago, a nan na gane ashe jaririn ne ke danne keken tun ranar farko.

Lissafin ba wuya, irin na sikelin mai nama ne. Layin tayoyin baya shi ne tsakiyar sikeli. Duk abin da ke gabansa yana danna keke ƙasa, duk abin da ke bayansa yana ɗaga shi. Ka ninka nauyin abu da nisansa daga wannan layin. A nawa, jarka kilo 20 tana santimita 15 a baya, 300 ke nan. Jikin keke kilo 12, tsakiyar nauyinsa santimita 20 a gaba, 240. Yaro kilo 8 a santimita 25, 200. Gaba 440, baya 300, keke na tsaye lafiya, shi ya sa ban ga komai ba ranar da na miƙa shi. Cire yaro, gaba ya koma 240, baya ya rinjaya. Ko da yaron a ciki, leda mai kilo 6 a hannun da ya fita santimita 45 ta ƙara 270 a baya, 570 ke nan a kan 440. Hannunta kaɗai ke riƙe da shi duk tsawon hanya. Leda ƙarama ce, nisa ne ya ba ta ƙarfi.

Saboda haka kwando a tsakanin tayoyin gaba da na baya yake zama, a ƙarƙashin kujera, kuma ƙasa-ƙasa. Tazarar cibiyar tayar gaba da ta baya santimita 72 zuwa 75. Tayar lamba 20 cibiyarta na wajen santimita 25 daga ƙasa, kai kuma ka sauke gindin kwando zuwa santimita 13, ƙasa da cibiya. In ka sauka fiye da haka zai dinga gogar dokin ƙofa da duwatsu.

Sai dai kada tsoro ya sa ka tura kaya can gaba, wannan shi ne kuskurena na biyu. Tunda tayoyin gaba ba sa juyawa, ana karya kwana ne ta danna hannu a ɗaga gaba kaɗan. In nauyi ya taru a gaba, mace mai ɗinki a ciki za ta dinga danna kilo da yawa a kowane lungu, garin neman ƙiba an samo rama. Tsakiyar kayan ya faɗo kamar santimita 22 zuwa 25 a gaban layin tayoyin baya, wato kashi ɗaya cikin uku na tazarar. Bangon kwando na baya kada ya wuce layin tayoyin ko da yatsa ɗaya, don duk inda ka bar fili sai an cusa masa kaya. Don haka ma nake yin hannun turawa sumul, ba ƙugiya, ba ƙusa, ba wani lanƙwasa da leda za ta maƙale. Tsayinsa daidai cibiyar mai turawa, kusan mita ɗaya.

Jarka mai lita 20 a tsaye tana tilasta ka ɗaga kujera sama, yaro ya koma kamar yana kan rumbu. Ni biyu masu lita 10 nake ba da shawara, gefe da gefe, da ƙarfe a tsakaninsu. A cika su fal, rabin jarka tangaɗi take, ruwan na gudu gefe ɗaya a daidai lokacin da taya ta faɗa rami. A bayan keken kuma ka fito da guntun bututu mai tsawon santimita 15, ya tsaya santimita 8 daga ƙasa. In keke ya tashi zai tokare, kuma a nan uwa take sa ƙafa in za ta hau dokin ƙofa. Guntun da ya rage a yanka ne, ko dala ba zai ci maka ba.

Duk wannan ɗigon walda kawai za ka yi, kada ka ƙone gaɓa ko ɗaya sai an gwada. Ƙa'idar Turai ta keken jarirai, EN 1888, tana gwada tsayuwar keke a gangara mai digiri 12. Ba sai da na'ura ba: falanki mai tsawon mita 2, ka ɗaga kansa ɗaya santimita 42, ka sami wannan gangarar. Ɗora keke da kayansa cike, ka tare tayoyin da ɗan katako. Buhun yashi kilo 15 a kujera, sannan kilo 8, sannan babu komai. Kowane ɗaya ka gwada fuska sama, fuska ƙasa, gefen dama, gefen hagu. Daga nan ka sauke kayan ka maimaita da buhun yashi kaɗai, don keke marar kaya a ƙasa ya fi saurin faɗuwa ta gefe. Taya ɗaya ta ɗaga, fasa ɗigon ka matsar. Yarana sun san ba a gwaji da ɗan mutum a shagona, ko uwar ta ce ba komai. Ƙarshe ka rataya ledar kilo 5 a hannu ka gani, don ko ka hana sai an yi.

Ya tsallake? To ƙone gaɓoɓinka, bi su da giranda har ka shafa da bayan hannu ba ka ji kaifi ba. Toshe bakin kowane bututu, kada ka bar ramin da yatsan yaro zai shiga ya ƙi fita. Tsakanin kujera da kwando ka sa filawud, a gefen tayoyi ma haka, don hannu yana kai wa wayoyin taya tun kafin ka zata.

Kujera aikin tela ne. Yadin auduga mai kauri, a cusa auduga, garin kamfanin auduga na Sodecoton muke ba za a rasa ba. Tampol da leda suna dafa bayan yaro. A yi ta mai cirewa don wanki, bayanta kuma ya iya kwantawa shimfiɗe, jaririn da bai kai wata shida ba ba a zaunar da shi. Maɗauri biyar: kafaɗa biyu, ƙugu biyu, ɗaya ta tsakanin ƙafafu, wannan na ƙarshen shi ke hana yaro zamewa ta ƙasa, shi kuma teloli ke mantawa. Maƙullan tsohuwar jakar goyo ta 'yan makaranta suna yi in ba su tsage ba.

Birki sanda ɗaya ce da ake takawa ta danne tayoyin baya duka biyu, ba sandar da ake zurawa cikin wayoyi ba. Rumfa ta yi tsayi, gefenta a buɗe. A watan Maris da Afrilu Garwa na wuce digiri 40, in aka lulluɓe keke da zani ciki ya zama tanda, gidan sauro ya isa. Fenti: maganin tsatsa, sannan fari ko wani mai haske, ya sha iska mako guda har wari ya fita. Sandar gaban yaro a naɗe ta da yadi, cizonta zai yi.

Kada ka ce za ka yi mai naɗewa, kowace gaɓa mai motsi wurin datse yatsa ce, kuma nan take fara kwancewa. Ranar miƙawa ka faɗa wa mai keke a gaban mijinta cewa kilo 25 ne iyakar kwando, kuma ba a sa tukunyar gas, ba a sa galan ɗin zuwa-zuwa, wato man fetur na bumburutu, ba a sa kaskon da wuta ba ta mutu ba. Ni da jan fenti nake rubuta 25 ɗin a bangon kwando, ta ɓangaren da take gani in tana turawa. Bayan wata ɗaya ta dawo da shi a ɗaure notuna a duba iska.