Yadda Ake Haɗa Windows da Ubuntu a Kwamfuta Ɗaya

Ɗalibai a Madina da masu aiki a Jidda da Riyad da yawa suna son koyon Linux, amma ba za su iya rabuwa da Windows ba saboda Word da Maktaba Shamila. Ba sai an sayi kwamfuta ta biyu ba. Ana raba ma'ajiyar kwamfutar gida biyu, duk lokacin da ka kunna sai ka zaɓi wadda za ka shiga: Windows ko Ubuntu, wadda nau'in Linux ce.

Shirin ya fi ɗorawar muhimmanci. Fara da kwafe fayilolinka zuwa wata ma'ajiya ta waje. Sannan duba BitLocker, tsarin Windows da ke kulle ma'ajiya: idan a kunne yake, rubuta mabuɗinsa mai lamba 48 a takarda, ka kashe shi, ka jira ya kammala. Wanda ya sayi kwamfuta ta hannu a shafin saye da sayarwa na Haraj ko kasuwar Batha ta Riyad ya kula da wannan sosai, domin mabuɗin yakan kasance a asusun mai ita na farko. Ka kuma kashe Fast Startup a Control Panel, ƙarƙashin Power Options. Idan ka bar shi, Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, sai Ubuntu ta ƙi rubuta komai a ɓangaren Windows.

Buɗe Disk Management, danna dama a kan C, zaɓi Shrink Volume. Ubuntu na buƙatar aƙalla 25GB, amma wannan ya yi kaɗan ga mai aiki da gaske. Rubuta 61440 (da MB ake lissafin), wato 60GB, ka bar wurin fanko.

Sauke Ubuntu 24.04 LTS, wadda ta fito a Afrilun 2024 da tallafin shekara 5. Da manhajar Rufus za ka zuba ta a filashi mai 8GB ko fiye, ka zaɓi GPT. Duk abin da ke cikin filashin zai goge. Sake kunna kwamfutar kana danna F12 a Dell da Lenovo, ko F9 a HP, ka zaɓi filashin. A shafin rabon ma'ajiya zaɓi Install Ubuntu alongside Windows Boot Manager. Kada hannunka ya kai kan Erase disk, shi ne ke share Windows da duk abin da ka tara. Idan Ubuntu ta yi ƙorafin Intel RST, wani saitin ma'ajiya a BIOS, dakata: sai an shirya Windows kafin a mayar da saitin zuwa AHCI, in ba haka ba Windows ta ƙi tashi.

Bayan an gama, matsalar farko da za ka gani ita ce agogo. Ubuntu na ajiye lokacin UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, a agogon cikin kwamfutar, Windows kuma na ɗaukarsa a matsayin lokacin gari. Saudiyya na gaban UTC da awa 3, don haka ana kiran Azahar agogon Windows na nuna tara da 'yan mintuna na safe. A Terminal, wurin rubuta umarni a Ubuntu, rubuta timedatectl set-local-rtc 1, shi ke nan.

Sai batun manhajoji. Fayil mai .exe ba ya aiki a Ubuntu kai tsaye. Wine, mai gudanar da manhajojin Windows a Linux, kan tayar da ƙananan manhajoji, amma kada ka dogara da shi wajen sabon Office ko Photoshop. LibreOffice, madadin Office a Ubuntu, na buɗe fayilolin Word na docx, sai dai rubutun Larabci da aka yi da Traditional Arabic ko Sakkal Majalla yakan sauya fasali, domin waɗannan haruffa na Windows ne. Shafuka su zame, hashiya ta bar wurinta. Mai rubuta risala ya kammala ta a Word, ya miƙa PDF. Abin da ke tafiya a burauza kuwa, kamar Absher, shafin hidimomin gwamnatin Saudiyya, babu bambanci.

Ubuntu na karanta NTFS, tsarin ajiyar fayiloli na Windows, amma Windows ba ta ganin ext4, wato na Ubuntu. Saboda haka fayilolin da kake buƙata a ɓangarorin biyu, ajiye su a wani yanki na NTFS. Don ƙ, ɗ da ɓ, shiga Settings, sannan Keyboard, ka ƙara Hausa da Larabci. Maɓallin Windows tare da Space ne ke sauya su.