Darasi na Bakwai: Tura Kaya Mai Nauyi Ba Tare da Kuɗin Mota Ya Cinye Riba Ba

A darasin da ya wuce mun koyi ɗaukar hoton kaya da sa shi a WhatsApp da Facebook. To, yau ga mai saye ya fito. Shi yana Abuja, ku kuna Kano, abin da yake so kuma keken ɗinki ne, ba turare ko ɗankunne da za a cusa a aljihun jaka ba. Yaya za a yi keken ya isa hannunsa lafiya, ribarku kuma ta tsira?

Bari in fara da abin da ya sami wata ɗalibarmu. Ta sayar da keken ɗinki, da kai da ƙafa da teburi. Murna ta ɗebe ta, ta rubuta wa mai saye cewa har kuɗin kaiwa yana cikin farashin. Sai da ta isa tasha ta ji abin da za a caje ta, jikinta ya yi sanyi. Mu yi lissafin a allo. Lambobin nan misali ne kawai don koyo, kun san kuɗin mota yana bin kuɗin mai, na yau daban na gobe daban.

Ribar da ta sa rai: naira 12,000. Kuɗin mota: 9,000. Ɗan dako da a-daidaita-sahu zuwa tasha: 1,500. Kwali, igiya da salatef: 1,000. Ku haɗa ukun nan, ya tashi 11,500. Ku cire daga 12,000. Abin da ya rage mata naira 500 ne, ko kuɗin katin da ta ƙona wajen kiran direba bai fito ba.

Kuskurenta ɗaya ne: ta yanka farashi kafin ta tambayi kuɗin mota.

Ku auna tukuna

Kafin ku ce wa mai saye komai game da kaiwa, ku san nauyin kayan da girmansa. Ba sai kun sayi sikeli ba. Masu sayar da gas da masu sayen gwangwan duk suna da shi, za su auna muku. In babu, ku kwatanta da abin da kuka sani: buhun siminti kilo 50 ne, haka ma babban buhun shinkafa.

Girma kuma ana auna shi da tef irin na tela: tsawo, faɗi da tsayi, da santimita. Me ya sa? Saboda kamfanonin aika saƙo ba nauyi kaɗai suke dubawa ba, har wurin da kayan zai cinye a mota ko a jirgi. DHL, alal misali, yana ninka tsawo da faɗi da tsayi, ya raba da 5,000. Abin da ya fito shi ake kwatantawa da nauyin sikeli, wanda ya fi yawa shi za ku biya.

Ga kwali mai tsawo 60, faɗi 50, tsayi 40. In an ninka, 120,000 ne. A raba da 5,000, ya ba da 24. Ko da kayan ciki kilo 15 ne a sikeli, kuɗin kilo 24 za a karɓa. Yanzu ku sa kayan nan a kwali mai 50 da 40 da 30. Ya zama 60,000, a raba, ya ba da 12. Tunda 15 ya fi 12, kuɗin kilo 15 za ku biya. Kilo 9 kenan kuka huta da biya, don kawai kun rage wa kwali iska. Ko a tasha, inda ba a wannan lissafi da biro, ɗan kamasho da ido yake yin sa. Da ya ga kaya ya yi tsiri-tsiri zai ce na kujera biyu ne.

Shi ya sa keken ɗinki ba a tura shi a tsaye. A cire bel, a ɗage kan keken daga teburi, a naɗe shi da tsohon zane, a sa a kwali, a cusa tsumma ko takarda ta ko'ina har in an girgiza ba a jin motsi. Ƙafar ƙarfen a kwance ta, a haɗa gefe da gefe a ɗaure tamau. Noti da ƙusoshi kuwa a zuba a leda, a ƙulle, a liƙa a jikin ƙafar da salatef. Kada ku jefa su haka nan cikin kwali. Na ga cinikin da ya lalace saboda noti huɗu.

Wace mota?

A ganina, kayan da ya haura kilo 20 kuma ba ƙasar waje za shi ba, tasha ta fi kamfani sauƙi nesa ba kusa ba. Kamfani yana da amfaninsa: yana ba da lambar bibiya, yana kaiwa har ƙofar gida. Amma kuɗinsa yana hawa da kowane kilo.

A tasha ma motoci suna suka tara. Ƙaramar motar fasinja tana da sauri, sai dai but ɗinta ƙarami ne, don haka wurin yana da tsada. Manyan motocin da ke tashi daga New Road a Sabon Gari zuwa kudu suna da wurin kaya a ƙasa. Mafi araha duka ita ce babbar motar kaya, musamman wadda ta sauke lodi za ta koma gida. Direban da ya kawo kaya Singa ko Kantin Kwari ba ya son komawa fayau, ko nawa ya samu ƙari ne. Motocin hatsi kuma kullum suna tashi daga Dawanau zuwa sassan ƙasar nan. Matsalarsu jira: ba sa tashi sai lodi ya cika. In mai saye ba ya gaggawa, ku faɗa masa gaskiya, ya zaɓa da kansa.

Akwai kuma haɗin gwiwa. In ku uku a ajin nan kuna da kayan Kaduna, ku haɗa ku yi ciniki sau ɗaya, ɗan dako ɗaya, a-daidaita ɗaya.

Ku karanta wannan hira da ƙarfi, ɗaya ya zama mai kaya, ɗaya ɗan kamasho.

"Sannu da aiki, Malam."

"Yauwa Hajiya, sannu da zuwa. Ina zuwa ne?"

"Saƙo ne zan bayar Abuja. Ƙulli biyu, kilo 35 duka."

"Kawo dubu goma."

"Haba Malam, a duba dai. An kwance shi, ba zai ci wuri ba. Kuma ba yau kaɗai ba ce, duk mako ina da kaya."

"To Hajiya, bakwai. Allah Ya sa albarka."

"Amin. A wace tasha za a sauke? Kuma akwai wani kuɗi da za a karɓa a can?"

Tambayar ƙarshen nan kada ku manta da ita. A wasu tashoshi ana karɓar kuɗin sauke kaya ko na ajiya daga hannun mai karɓa. In mai saye bai sani ba tun farko, ku zai kira yana faɗa. Haka in kayan Maraɗi ko Damagaram za shi, ku tambaya tun a nan wa zai ji da kwastan a kan iyaka.

Rubutu shi ne shaidarku

A nan karatun da kuke koya zai yi muku rana. Ku ba da kaya ta hannun ofishin ƙungiyar direbobi a cikin tasha, ba ga motar da ta tsaya a bakin titi ba, ko da ta fi araha. Ku karɓi rasit, wanda ake ce wa webil. A jikin kowane ƙulli ku rubuta sunan mai karɓa, garinsa da lambar wayarsa da manyan baƙaƙe, gefe biyu. In ƙulli biyu ne, ku sa "1 cikin 2" da "2 cikin 2". Da damina a rufe rubutun da farin salatef, a kuma sa kwalin cikin leda ko buhu.

Sannan ku ɗauki hoto uku: kayan a ɗaure, lambar motar, da rasit. Ku tura wa mai saye tare da lambar direba kafin ku bar tasha. Kuɗin kaya kuwa ya shigo asusunku tukuna. Kada hoton alat ya ruɗe ku, ku duba da idonku.

Aikin aji

1. Kwali yana da tsawo 40, faɗi 40, tsayi 50. Kayan ciki kilo 10 ne. Kuɗin kilo nawa kamfani zai karɓa?

2. Kun sayi injin markaɗe naira 80,000, kuna son ribar 10,000. Mota 8,000, dako 1,500, ɗauri 1,000. Nawa za ku faɗa wa mai saye in har da kaiwa?

3. Ku rubuta saƙo na layi uku zuwa ga mai saye, ku faɗa masa ranar da mota za ta tashi, tashar da zai karɓa, da kuɗin da zai riƙe a hannu.

4. Kafin zama na gaba, kowa ya je tashar da ta fi kusa da shi, ya tambayi kuɗin tura buhu mai kilo 50 zuwa gari ɗaya a wurin motoci iri biyu, ya rubuto mana a littafinsa.