Kara, ƙaro da zoɓo: aikin hannu a aji ba tare da kashe ko sisi ba

Sai da na shekara uku ina koyar da 'yan aji 2 kafin na daina jiran a kawo mana kwali mai launi daga ofis. Yara sun haura 70, alli ma rabonsa ake yi. Ranar da na waye, wani yaro na kama a kujerar baya yana ƙera tabarau da karan dawa. Har na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga da'ira biyu ya lanƙwasa, girmansu ɗaya cif, abin da na yi mako guda ina zanawa a allo ba su gane ba.

To ga yadda nake yi yanzu. Da an yi girbi, wajen Nuwamba zuwa Disamba, kara ya bushe, sai in ce kowane yaro ya zo da guda biyu. Da yamma ni da kaina nake ɓare ɓawon siri-siri, in yanka totuwar cikin guntu-guntu kamar tsawon gaɓar yatsa. Kada ki ba yaro reza, Malama, ko da ya rantse ya iya. Shi kansa ɓawon yana yanka hannu, don haka ki goga gefensa a siminti ya dakushe.

Totuwa ita ce mahaɗa, ɓawo shi ne sanda. A soka sanda uku cikin totuwa uku, an sami alwatika. Huɗu da huɗu, murabba'i. Daga nan darasin yake yin daɗi: ki ce su danna kusurwar murabba'in da yatsa, zai karkace. Su danna alwatika, ba za ta motsa ba. Kada ki yi saurin ba da amsa. Ki bar su su yi ta gardama, sannan ki tambaye su ta yaya za a hana murabba'in karkacewa. A kowace shekara akwai wanda zai gitta sanda daga kusurwa zuwa kusurwa, ya mai da shi alwatika biyu. In ajinku ba shi da silin, ki nuna musu katakon da ke riƙe da kwano, su ƙirga alwatika nawa kafinta ya yi.

Gam kuwa, ƙaro nake jiƙawa, irin wanda almajirai ke zubawa a tawada. Cikin tafin hannu ɗaya a rabin kofin ruwan ɗumi, ya kwana, da safe a tace. In babu, a dama garin rogo da ruwan zafi kamar koko mai kauri. Shi dai wannan kwana biyu yake fara tsami, a yi daidai na rana.

Launi yana kicin ɗinki. Zoɓo da aka tafasa da ruwa kaɗan yana ba da ja, kurkum rawaya, gawayi da aka niƙa aka haɗa da ƙaro baƙi, bular wanki shuɗi. Burushi kuma a tauna bakin ɗanyen tsinke kamar asuwaki, ko a ɗaura auduga a kan sillen kara. Akwai abin da nake ajiyewa sai ƙarshe: in zuba ruwan zoɓo a kofi biyu, ɗaya in matsa lemon tsami, janshi ya ƙara haske, ɗayan in jefa kanwa, ya juye ya yi duhu yana ɗaukar kore-kore. Ranar farko wata yarinya cewa ta yi Malama ta iya tsafi. Kurkum ba ya fita daga farar riga da sauƙi, na sha ƙorafin iyaye a kan haka, shi ya sa nake sa su zo da tsohuwar riga ranar Alhamis.

Marafan kwalbar lemo ba sai na yi dogon bayani ba: a huda da ƙusa, a zura goma-goma a zare, an sami abin koyar da gomomi da ɗaiɗai.

Abin da ke kayar da malami shi ne yawan yara. Ina raba su rukuni-rukuni na mutum 8, kowane rukuni da shugaba, kuma shugaba kaɗai ke tasowa karɓar kaya. A fita gindin bishiya in akwai. Minti biyar na ƙarshe na shara ne, kuma ba mata kaɗai ke riƙe tsintsiya ba, har mazan.

Abin da suka ƙera kada a jibge shi a ƙasan kabad. Na taɓa yin haka kafin hutu, muka dawo gara ta cinye aikin zango guda. A ɗaure kowanne da zare, a manna sunan mai shi, a rataye a jikin katakon rufi.