Yadda Ake Sayen Tsofaffin Kayan Ɗaki Ba Tare da An Yi Zaɓen Tumun Dare Ba

Yawancin gadaje da kabad-kabad da ake jerawa a shagunan kayan ɗaki a yau da allon garin katako ake haɗa su, wato dusar katako da aka cakuɗa da gam aka matse, sannan aka lulluɓe ta da leda mai sheƙi. Irin wannan kaya yana da kyaun gani ranar jere, amma da zarar ruwa ya taɓa gindinsa sai ya kumbura, kuma idan aka kwance shi don tashi daga gida zuwa gida, ramukan ƙusoshinsa ba sa sake riƙewa. Shi ya sa mutane da dama suka koma neman teburi da kujeru da gadajen da aka yi tun zamanin iyaye da kakanni, waɗanda aka ƙera da tsantsar katako ko ƙarfe mai kauri. Neman yana da kyau, sai dai tsufa kaɗai ba ya sa abu ya yi daraja. Abin da ake biyan kuɗi a kansa shi ne jikin katakon da yadda aka haɗa shi, kuma waɗannan biyun ne ya kamata mai saye ya iya dubawa da idonsa da hannunsa kafin ya saurari labarin da dillali zai ba shi.

Da farko yana da kyau a san shekarun abin da ake nema. Masu cinikin tsofaffin kaya a duniya sun saba ware abin da ya kai shekara 100 a matsayin kayan tarihi, abin da bai kai ba kuwa tsohon yayi ne kawai. A ƙasar Hausa mafi yawan abin da za a samu yana cikin kashi na biyu, domin teburi mai durowa da kujera mai jingina da kabad ba su yaɗu a gidaje ba sai bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, katakon kudu ya fara zuwa da yawa, kafintoci suka kafa sana'a a birane. Saboda haka idan aka ce wani teburin cin abinci ya shekara 200 a wani gida a Zariya ko Katsina, akwai dalilin yin shakka. Kayan da aka fi cin karo da su su ne teburan ofis da kujerun gidajen ma'aikatan gwamnati na zamanin Turawa da farkon 'yancin kai, da gadajen ƙarfe masu rumfa da irin na Vono, da kabad mai gilashi da iyayenmu mata ke jera kwanukan tangaran da kumbo a ciki, da adaka, da teburin keken ɗinki na Singer mai ƙafar ƙarfe.

Kayan da kansa yakan faɗi shekarunsa ga wanda ya san inda zai duba. A juya shi a ga bayansa da ƙarƙashinsa, inda ba a yi wa fenti ba. Idan bayan kabad ɗin filawud ne, da wuya a ce ya girmi ƙarshen shekarun 1940, lokacin da aka fara yin filawud da yawa a garin Sapele da ke kudancin Nijeriya. Idan samansa fomeka ne, to yayin shekarun 1960 zuwa 1980 ne. Ƙusa mai murɗi wadda kanta ke da tsaga ɗaya ta riga mai kan tauraro zuwa, domin ita mai tauraron sai a shekarun 1930 aka ƙirƙiro ta a Amurka, kuma ta daɗe kafin ta zama ruwan dare a nan. Ganin sabuwar ƙusa guda ɗaya ko biyu ba laifi ba ne, alamar gyara ce, amma idan duk ƙusoshin sababbi ne an kuma ce kayan na kaka ne, maganar ba ta tsaya ba. Keken Singer kuwa yana da lamba da aka buga a jikin ƙarfensa, kuma da ita ana iya gano shekarar da aka ƙera shi a intanet.

Daga nan sai batun itacen, wanda a ganina shi ne rabin cinikin. Katakon iroko, wanda ake kira loko, yana da nauyi, launinsa yakan koma ruwan ƙasa mai duhu idan ya tsufa, kuma gara ba ta cika samun galaba a kansa ba. Maɗaci ja ne mai kyaun zane, yana karɓar goge-goge ya yi sheƙi. Ƙawo da maɗobiya da kirya duk masu tauri ne, kuma wanda ya san turmin kirya ya san irin daɗewar da take yi. Katakon obeche kuwa fari ne marar nauyi, farce ma yana shiga jikinsa, ƙwari kuma suna son sa, kuma kafintoci da dama sukan shafa masa jan launi ya fito kamar maɗaci. Hanyar ganewa ita ce a ɗaga gefe ɗaya a ji nauyinsa, sannan a danna farce a wurin da ba a gani, a kuma duba launin katakon a cikin durowa. Akwai ƙarin dalilin da ya sa tsohon katako mai kyau yake da daraja yanzu. An sare maɗobiya da yawa a Afirka ta Yamma ana kai ta Sin, har aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare namun daji da tsirrai, wato CITES, ke taƙaita cinikinsu tun 2017, kuma a 2022 aka ƙara maɗaci da ƙawo na Afirka. Faffaɗan allon maɗaci guda ɗaya wanda aka yi saman teburi da shi shekara 60 da suka wuce, a yau kafinta zai sha wahala kafin ya samo irinsa a kasuwar 'yan katako.

Bayan itace sai haɗi. A zaro durowa gaba ɗaya a dubi kusurwarta. Kafinta na ƙwarai yakan yanka haƙora a bakin allunan biyu su shiga juna, kuma idan da hannu aka yanka su za a ga ba su zo daidai wa daida ba, wani ya ɗan fi wani faɗi. Durowar da aka haɗa da ƙusa da gam kaɗai aikin gaggawa ne ko da ta tsufa. A kujera da teburi, a dubi inda ƙafa ta haɗu da gangar jiki, a ga ko an fafe rami an zura harshen katako a ciki. Sannan a ɗora kayan a daɓe mai lebur, a dafa shi da hannu biyu a girgiza, a zauna a kan kujerar a jingina sosai. Ɗan motsi a haɗi ba abin tsoro ba ne, domin gam ne ya bushe, kuma kafinta zai kwance ya sake ɗaurewa cikin yini ɗaya. Abin gudu shi ne ƙafar da ta karye a daidai haɗin aka dunƙule ta da ƙusoshi, ko allon da ya bauɗe ya murɗe, domin wannan ba ya komawa daidai. Wanda yake da zaɓin lokaci ya je dubawa da hunturu, lokacin da iska ta busar da katako kowace tsaga ta buɗe bakinta, saɓanin damina da katako ke kumbura ya rufe aibinsa.

Maganar ƙwari tana buƙatar haƙuri da tocila. Gara tana cin katako daga ciki ta bar fatar waje lafiya lau, don haka a bi ƙafafu da gindin kabad ana ƙwanƙwasawa da bayan sukundireba, duk inda aka ji sautin holoƙo a danna a gani, a kuma nemi sawun jar ƙasa da take ginawa. Ƙananan huda kamar na allura aikin wani ƙwaro ne dabam mai huda katako. Idan ramukan sun yi baƙi kuma babu gari, mai yiwuwa ƙwaron ya daɗe da fita, amma idan aka bubbuga sai farin gari mai laushi ya zubo, yana nan da ransa, kuma zai iya komawa kan sauran kayan gida. Gado da kujerar kushin kuwa babban haɗarinsu kuɗin cizo ne, wanda ke ɓuya a tsagogi yana barin ɗigon baƙi, kuma yana iya yin watanni bai ci komai ba. Shawarata ita ce kada a sayi tsohuwar katifa ko tsohon soso ko da kyauta aka haɗa da su. A sayi ƙashin kujerar, a kai wa mai kushin ya sa sabon soso da sabon yadi.

Gadon ƙarfe da adaka sun fi sauƙin dubawa. Tsatsar da ke sama sanfefa tana cire ta, amma wadda ta ci ƙarfen har ya yi huda, musamman a ƙasan ƙafafu da gindin adaka, ta gama da shi. A tabbata sandunan rumfa da ƙarafan gefe sun cika kuma na gadon ne, domin samun wanda zai dace daga baya yana da wuya. Idan an ce kwalliyar kan gadon ko hannun durowa tagulla ce, a kanga mayen ƙarfe: tagulla ba ta kama shi, ƙarfen da aka yi wa ruwan tagulla kuwa zai manne nan take.

Wuraren samun kayan sanannu ne. Akwai 'yan gwanjo a kusan kowace babbar kasuwa, akwai dillalan unguwa, akwai dillaliya mai shiga gida-gida wadda sau da yawa ita ce ta fi kowa sanin wadda ke son sauya kayan ɗaki, akwai gwanjon kayan ofisoshi da makarantu, ga kuma tallace-tallacen Facebook da WhatsApp da Jiji. Duk ta inda aka bi, kada a tura kuɗi a kan hoto. Abin da na fi so mai saye ya tsaya a kansa a nan shi ne tambayar mai kayan. Kaso mai yawa na tsofaffin kaya daga gidan rasuwa yake fitowa, kuma yakan faru wani daga cikin magada ya fitar da abu ya sayar kafin a raba gado, alhali akwai haƙƙin marayu da na matan mamaci a ciki. Arahar da aka samu ta wannan hanya ba ta da albarka, kuma tana iya ƙarewa a gaban alƙali. A tambaya kai tsaye ko an raba gadon, a nemi ganin mai kayan ko wakilin magada, a yi ciniki a gaban shaidu, a rubuta takarda mai ɗauke da bayanin kayan da kuɗinsa da sa hannu. Wanda ya ƙi a san daga ina kayan ya fito, a bar masa abinsa.

Akwai kuma iyakar da doka ta gindaya, wadda mutane da yawa ba su san da ita ba. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Nijeriya a 1979 ta ɗauki duk wani aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, da wanda aka yi amfani da shi a bukukuwan gargajiya yake kuma da muhimmancin tarihi, a matsayin kayan tarihi, ta hana sayensa ko sayar da shi ga wanda ba wakilin hukumar ba, ta kuma hana fitar da shi waje sai da izini. Wannan ya shafi abubuwa irin su tsohuwar ƙofar Nufawa mai sassaƙa, da kujerar sarauta, da wasu daga cikin kujerun Bida masu ƙafafu da yawa da ake sassaƙawa daga gungume ɗaya. Wanda aka yi wa tayin irin wannan ya fara tuntuɓar gidan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano. Yawancin waɗanda ake gani a rumfunan kasuwar Kurmi da makamantanta sababbin sassaƙa ne, wasu an shafa musu baƙi ko an turara su da hayaƙi don su yi kama da tsofaffi. Ba laifi a saye su don ado, muddin kuɗin sabo aka biya. Kujerar da aka daɗe ana zama a kanta takan yi santsi a inda jiki ke gogarta, ƙasan ƙafafunta kuma ya lashe ba daidai ba, alhali ta jabu tsufanta iri ɗaya ne ko'ina.

Wajen taya kaya, a fara tambayar kafinta nawa zai yi sabo irinsa da irin wannan katakon, sannan a lissafa kuɗin gyara da na 'yan dako da na mota da la'adar dillali, a cire su daga abin da aka shirya kashewa. Zuwa da kafintan da aka amince da shi wurin ciniki ya fi duk wata dabara amfani. A faɗi aibin da aka gani a fili cikin mutunci, domin shi ne hujjar neman ragi, kuma a yi maganar la'ada tun kafin a sallama. A auna faɗin ƙofar ɗaki da ta zaure kafin a biya, saboda tsohon kabad sau da yawa ba ya kwancuwa.

Idan kayan ya iso gida, kada a wuce da shi ɗaki a ranar. A ajiye shi a tsakar gida ƙarƙashin rumfa na wasu kwanaki, a shimfiɗa baƙar leda a ƙarƙashinsa don a ga ko gari zai zubo, a zazzaro durowoyi su sha iska. Gadon ƙarfe ana iya barinsa a rana a zuba masa tafasasshen ruwa a tsagogi, amma katako ba ya son rana kai tsaye domin tsagewa yake yi. Idan ana buƙatar maganin ƙwari, a yi feshin a waje, kada a zuba maganin gona a ɗakin kwana. A yi hattara da tsohon fenti, domin da yawansa yana ɗauke da dalma, kuma ƙurarsa guba ce ga ƙananan yara da masu juna biyu, saboda haka a jiƙa shi kafin a goge, a waje, da takunkumi a fuska, yara kuma su yi nisa. Katakon da fatarsa ke da kyau ba ya buƙatar fenti ko kaɗan. Tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan ya isa ya cire daƙon shekaru, bayan ya bushe a shafa masa man goge katako. A ɗaki kuma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, a ɗora ƙafafunsa a kan tayil ko ɗan faifan ƙarfe idan daɓen yana tsatsafar da danshi, a riƙa leƙa bayansa da tocila a farkon kowace damina, lokacin da gara ta fi yawo.