Asma: kurakuran da ke mayar da mutane asibiti duk hunturu

Da zarar hazo ya sauka a Kaduna, daga wajen Nuwamba har Fabrairu, masu asma sun san lokacinsu ya zo. Ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada ta haɗu da sanyin asuba da hayaƙin sharar da ake ƙonawa a bakin layi, sai ka ga ana tururuwa kemis neman inhela, wato ɗan gwangwanin maganin da ake fesawa a baki a shaƙa, mai launin shuɗi. Yawancin kurakuran da ake yi da wannan ciwo tushensu ɗaya ne: ana ɗauka asma zuwa take yi ta tafi, alhali tana nan zaune a ƙirji ko da mutum na cikin raha.

Abin da ke faruwa kumburi ne a bangon hanyoyin iska, kuma garkuwar jikin mutum ce ke haddasa shi. Ƙura ko garin kashin kyankyaso ko gashin kyanwa ba wani abin tsoro ba ne ga yawancin mutane, amma jikin mai asma ya ɗauke su abokan gaba. Wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira Th2 sukan sa jiki ya ƙera sinadarin IgE, shi kuma ya je ya manne a kan ƙwayoyin mast da ke zaune a bangon hanyar iska. Ranar da ƙurar ta sake shiga, cikin mintuna ƙwayoyin mast sun zazzage sinadaran histamin da lukotirin, naman da ya zagaye hanyar ya matse, majina ta taru, numfashi ya koma fito. Bayan sa'o'i sai wasu fararen ƙwayoyin jini, iyosinofil, su iso bisa kiran sinadarin IL-5, su ci gaba da ɗaye bangon. Aikinsu wutar ƙaiƙayi ce, sama lafiya lau, ƙasa tana ci. Idan aka ɗauki shekaru a haka, bangon yakan yi kauri ya ƙi komawa yadda yake.

Kuskure mafi girma shi ne dogaro da shuɗin inhela kaɗai. Maganin da ke cikinsa, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, saki yake sa naman ya yi, cikin 'yan mintuna mutum ya ji sakayau, kuma aikinsa ya ƙare cikin kamar awa huɗu. Ko ƙwayar iyosinofil ɗaya bai taɓa ba. Shi ya sa tun 2019 hukumar GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina ba da shawarar a riƙe babba ko matashi da salbutamol zalla. Wanda ke ƙarar da gwangwani uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashi, ko da shi yana ganin yana fama da abinsa daidai gwargwado. Gyaran shi ne a samu inhela mai ɗauke da sitiroyid, wato maganin kashe kumburi, irin su beclometasone ko budesonide. Shi wannan shiga yake cikin ƙwayoyin ya hana su ƙera sinadaran kiran kumburi, iyosinofil su ragu, bangon ya huce. Akwai kuma wanda aka haɗa budesonide da formoterol a gwangwani guda, mai buɗewa da kashe kumburi a lokaci ɗaya.

Sai dai nan ma ana tuntuɓe. Mai sitiroyid ba ya ba da wannan sakayau na nan take, sai ya ɗauki kwanaki ko makonni kafin a ga amfaninsa. Sai ka ji uwa tana cewa game da shi, "Likita, wancan mai ruwan ƙasan ba ya masa komai, shuɗin ne ke aiki." Wata kuma ta ci gaba har yaro ya samu lafiya, sannan ta jefa shi a durowa tunda an warke. Ba a warke ba, maganin ne ya danne ƙwayoyin, kuma da an janye za su farfaɗo. Rage shi aikin likita ne, galibi bayan an yi wata uku lafiya.

Tsoron sitiroyid ɗin ma an sa shi inda bai dace ba, abin da ke ba ni mamaki ke nan. Mutumin da ya ƙi inhela don kada jikinsa ya saba, shi ne zai sayi ƙwayoyin sitiroyid irin dexamethasone ko prednisolone a kemis ya yi ta haɗiya wata da watanni. Ƙwayar da aka haɗiya duk jiki take bi: kumatu su cika, suga da hawan jini su biyo baya, ƙashi ya yi rauni. Na shaƙa kuwa ɗan mitsitsi ne, kai tsaye huhu ya nufa. Prednisolone yana da ranarsa, kwana biyar zuwa bakwai ga babba idan ciwon ya tashi da ƙarfi, bisa umarnin likita. Shi kuwa na shaƙa, kurkure baki bayan an yi amfani da shi a tofar yana taimakawa wajen kauce wa farin kumburin baki da dushewar murya.

Ka tsaya ka kalli yadda ake shaƙar. Wani zai buɗe baki ya fesa sau biyu a jere, kana ganin tururin yana fita ta gefen leɓe, sauran ya tsaya a harshe. Yadda ya kamata: a girgiza gwangwanin, a fitar da numfashi, a rufe leɓe a bakinsa, a danna daidai lokacin da aka fara jan iska a hankali, a riƙe numfashi kamar daƙiƙa goma. Fesawa ɗaya, shaƙa ɗaya. Ga yara da tsofaffi akwai robar da ake sa wa tsakanin inhela da baki. Idan babu, gorar ruwa ta roba mai rabin lita da aka huda gindinta daidai bakin inhela tana aiki, an gwada hakan a kan yara a Afirka ta Kudu.

A cikin gida kuma, ana zargin ruwan sanyi a bar turaren wuta yana tashi a ɗakin da mai asma ke kwana, ga maganin sauro na kunnawa, ga janareta a ƙarƙashin taga, ga tsohon kafet. Wasu masu asma aspirin da ibuprofen da diclofenac ne ke tayar musu, kuma propranolol na hawan jini bai dace da su ba, don haka a riƙa faɗa wa duk mai rubuta magani. Mai ciki kada ta ajiye inhela, rashin iska ya fi cutar da jariri. A azumi, mai shaƙa sau biyu a rana zai iya mayar da shi sahur da buɗa-baki.

Na ƙarshe shi ne jira. Idan mutum ya kasa haɗa jimla saboda haki, ko tsakanin haƙarƙarin yaro na lotsawa, ko leɓe ya yi toka-toka, ko fiton ya ɗauke alhali hakin na nan, ba lokacin zuma da tafarnuwa ba ne. A zaunar da shi, kada a kwantar. A ba shi shuɗin inhela ta cikin robar nan da ake sa wa tsakanin inhela da baki, fesawa huɗu zuwa goma, ɗaya bayan ɗaya, a maimaita bayan minti ashirin, ana yi ana kan hanyar Barau Dikko ko duk asibitin da ya fi kusa.