Yadda za ka zaƙulo helikes na RECQ4 a jinom (cikakken DNA) ɗin wake da laftof kawai

Ɗalibai da yawa masu furojet kan DNA na tsirrai suna ɗauka sai da lab mai tsada, alhali akwai aiki na gaske da za ka iya da laftof da data kaɗan, kuma helikes wuri ne mai kyau na farawa.

Da farko ka san me kake nema. DNA zare biyu ne a murɗe kamar igiya, ba a iya kwafarsa ko gyara shi sai an warware, to helikes shi ne furotin ɗin da ke bin zare ɗaya yana ƙona ATP, wato man da ƙwayar halitta ke aiki da shi, yana raba su. A 1976 aka fara gano shi a bakteriyar E. coli, na tsiro kuma a 1978 a furen lili. Amma fa ba guda ɗaya ba ne, dangi ne babba. MCM2 zuwa MCM7 furotin shida ne da ke haɗuwa su yi zobe su buɗe DNA lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu, XPB da XPD suna buɗe gurbin da hasken rana ya lalata don a yanke a cike, sai dangin RecQ masu kwance ƙulle-ƙullen da ke tasowa in zare ya karye ko kwafi ya cije a hanya. Arabidopsis, ɗan tsiron nan da masana suka fi bincike a kai, yana da RecQ har 7.

Ni dai RECQ4 nake ba da shawara ka zaɓa, saboda ya shafi masu haɗa iri kai tsaye. Shi ke takaita musayar gado tsakanin kuromozom ɗin uwa da na uba, a 2015 masana a Faransa suka nuna in an kashe RECQ4A da RECQ4B, kwafi biyun RECQ4 da Arabidopsis ke da su, tare musayar tana ninkuwa kusan sau shida, a 2018 kuma aka ga ta ninku kusan sau uku a shinkafa da tumatir da fis, duk da a wasu tsirran yawan irin da suke yi ya ragu, wannan ma kar ka ɓoye shi a rubutunka.

To aikin. Shiga shafin intanet na TAIR ko UniProt, rumbunan bayanan jinom da furotin, ka rubuta AT1G10930, lambar RECQ4A ke nan, ka kwafo jerin amino asid ɗin, wato haruffan tubalan da suka gina furotin ɗin, na furotin fa ba na DNA ba, don furotin ya fi riƙe kamanni tsakanin tsirrai masu nisa da juna. Daga nan ka buɗe Phytozome, rumbun jinom na tsirrai, ka zaɓi Vigna unguiculata, wato waken gida, jinom ɗin da aka fitar a 2019 na irin IT97K-499-35 ne na cibiyar binciken noma ta IITA, ka liƙa jerin a BLASTP, manhajar da ke nemo furotin masu kama da naka, ka danna.

Nan ne ake faɗawa rami. Sakamako zai fito da yawa, duk E-value ɗinsu (lambar da in ta yi ƙanƙanta ke nuna kamannin ba na sa'a ba ne) ƙanana masu ban sha'awa, saboda tsakiyar helikes kusan iri ɗaya ce a duk dangin, kuma tsirrai cike suke da helikes na RNA, ɗan'uwan DNA, masu haruffan DEAD a jerinsu waɗanda ba ruwansu da aikin da kake nema. Kar ka ɗauki na sama ka ce shi ke nan an gama. Ka buɗe jerin da idonka ka nemo haruffan GKS ko GKT, nan ne ATP ke zama, gaba kaɗan ka ga DEAH, sannan ka jefa shi a InterPro, shafin da ke nuna sassan furotin, ka duba ko bayan tsakiyar akwai sassan RQC da HRDC, su ne tambarin RecQ. In ka ga DEAD kuma babu RQC, ajiye shi gefe.

Sai ka yi na komawa, wanda mutane ke ƙyuya a kai kuma shi ya fi komai muhimmanci a wajena: ɗauki na waken da ka samu ka yi BLASTP da shi a kan Arabidopsis. In RECQ4A ko RECQ4B ya fito a sama to ka kama, in RECQ2 ko RECQ3 ne ɗan'uwansa ka kamo ba shi ba. Kuma kar ka tsorata in kwafi ɗaya ka gani, shinkafa da tumatir ma ɗaya gare su, dangin kabeji ne suka ninka nasu.

In da sauran data ka ƙara na dawa da shinkafa da waken suya, ka jera su a manhajar MEGA ka zana bishiyar dangantaka da duk RecQ 7 ɗin Arabidopsis a ciki. Ka rubuta sigar jinom da ranar da ka sauke kowane jeri tun a lokacin, don lambobin suna canzawa in an sabunta, kuma sufabaiza zai tambaya. A babin sakamako ka ce ka gano furotin da ake kyautata zaton RECQ4 ne, kar ka ce ka tabbatar da aikinsa, wannan sai an kashe shi a tsiro an ƙirga musayar a lab.