Yadda za ku tayar da ɗakin haihuwa na asibitin ƙauyenku

Duk wanda ke son sanin ko asibitin mazaɓarsu na aiki, kada ya je da hantsi, ya je ƙarfe biyun dare. Ni na gani da idona daren da matar ƙanena ta haihu a ƙauyenmu, ginin ya sha fenti ras amma batirin sola ya mutu, nas ɗaya ce tal, ni na riƙe mata tocilar waya daga bakin ƙofa ina kau da kai, ita kuma tana ce wa yarinyar "yi nishi ƙanwata, saura kaɗan". Allah ya sauke ta lafiya, amma tun ranar na shiga kwamitin lafiya na mazaɓa, abin da muka koya ne zan faɗa muku.

Farko ku san haƙƙinku. Jihar Kaduna na da mazaɓu 255 a ƙananan hukumomi 23, kuma tsarin shi ne kowace mazaɓa ta samu asibiti guda mai aiki sosai. Akwai kuɗin BHCPF, wato asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, ana tura wani kaso kai tsaye asusun asibitocin da ke cikin shirin, kuma shugaban kwamitin mazaɓa na da hannu a yadda ake kashe su. To ku zauna da incaj, wato shugabar asibitin, ku tambaye ta, Hajiya nawa ya shigo, me aka saya? Ba da faɗa ba fa, don in kun zo mata kamar 'yan sanda kun rufe ƙofar da kanku.

Sai wurin kwanan ungozomar asibiti, wannan shi ne babba kuma shi aka fi mantawa. Yarinya ta gama makaranta a Kaduna ko Zariya an turo ta ƙauye, ba ɗaki ba ruwa ba katanga, ga halin tsaro da kowa ya sani, wa zai ga laifinta in ta bi motar la'asar ta koma gida? Mu ɗaki ɗaya muka gyara mata jikin asibitin, mai unguwa ya sa 'yan sintiri suna zagayawa, mata suna aika mata tuwo, wallahi abin da ya riƙe ta ke nan. Ku gyara sola, ku gyara famfo, naƙuda ba ta san NEPA ta ɗauke ba.

Magani kuma ba sai kun zama likitoci ba, sunaye huɗu kawai ku haddace ku riƙa tambaya duk wata. Oksitosin, allurar da ake yi da zarar jariri ya faɗo don tsayar da jini, ita sanyi take so, in firij ya lalace ƙarfinta raguwa yake yi. Misoprostol, ƙwaya uku ake ba mai jego bayan haihuwa in babu allurar, kuma bayan an tabbatar babu wani ɗan a ciki, ba maganin gaggauta naƙuda ba ne da za a saya a kyamis a sha a gida, yana iya fasa mahaifa. Magnesiyum salfet, maganin jijjigar masu ciki. Sai kulohezidin da ake shafa wa cibiya, a daina man goge baki da gashi da tsumma mai zafi don Allah.

Zubar jini shi ya fi kashe mata wajen haihuwa, kuma matsalar ido ba ya iya auna shi, zani ya shanye a ce ai jinin haihuwa ne. In ya kai rabin lita an shiga haɗari. Akwai wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mace tana tara jinin a gani ƙiri-ƙiri, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin waɗanda suka jagoranci gwajinta, sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna haɗa ta da magani nan take ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Ku tambaya ko ta iso asibitinku.

Ƙaramin asibiti ba ya tiyata, ba ya ƙarin jini, saboda haka mota ma magani ce. Ku je tasha ku yi magana da shugaban ƙungiyar direbobi ta NURTW, a samu mutum biyu uku da za su ɗaga waya da dare, a rubuta lambarsu ɓaro-ɓaro a bango, a yi asusun mai ko ɗari bibbiyu ne kowane gida. A san tun yanzu ina za a nufa, asibitin Gambo Sawaba ne ko na Shika ko na Barau Dikko, nas ta kira su kafin a tashi, a tafi da mazan da za su ba da jini, ba a je can ana cewa "ni ban da isasshe" ba.

Ungozomar gargajiya kada ku yi rigima da ita, ta fi ku shiga gidaje. Ku ce Inna ke za ki riƙa rako su, a ba ta ɗan na goro, ta zauna kusa da mai naƙuda, 'yar fari mai kunya ta fi sakin jiki in ta gan ta. Liman kuma ya faɗa wa magidanta ranar Juma'a su bar izini tun kafin su tafi cin rani, duk sanda ciwo ya tashi a fita ba sai an nemo su a waya ba. Awo sau 8 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2016, a duba hawan jini, a karɓi maganin ƙarin jini da na maleriya. Kuma bayan an sauka a bar ta ta kwana ɗaya a asibitin, ruwan wankan jego zai jira.